Algaitar da Baba Ya Ƙera wa Inji

Na san abin da ake faɗa muku in kun je Horo Birni gaisuwar salla. Ana ce muku ubanku ya fifita agogon Nasara a kan mahaifinsa, ya yanke aikin ƙarshe da tsohon ya yi da hannunsa, ya jefa a kududdufi. Kuna dawowa ku yi tsit, ba mai tambayata, amma ina ganin irin kallon da kuke yi mini ta wutsiyar ido. Ban ga laifinku ba, su ma 'ya'yan ƙanena Sani ban ga laifinsu sosai ba, abin da suka ji suke maimaitawa. Sai dai ni ina wurin, su kuwa ko cikinsu ba a yi ba. Tunda idona ya fara yi mini irin abin da na Baba ya yi masa, gara in zauna in faɗi yadda shekarar nan ta kasance, kafin a binne ni da labarin wasu.

Gidanmu gidan ƙira ne tun kaka da kakanni. Kalme da lauje da gatarin da ake sayarwa a kasuwar Shagari, in an ce na gidanmu ne ba a tsayawa dogon ciniki. Ni ne ɗan fari, kuma kun san al'adar wancan zamani ko da yake ku kun yi watsi da ita: uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi, ba ya yaba masa. Ban taɓa jin sunana Garba a bakin Baba ba. In yana son gawayi sai ya dubi bango ya ce a ƙaro gawayi, ni kuma in tashi da sauri kamar ni ne bangon. In na yi ƙira mai kyau, sai ya juya ta a hannu, ya ajiye ta cikin nasa kayan, shi ke nan yabon. Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba, haka na ga ana yi a kowane gida. Amma ba zan ɓoye muku ba, yaro yana jin yunwar da tuwo ba ya kashewa.

Da na kawo ƙarfi na tafi cin rani Sakkwato, a zamanin Turawa, na ce damina za ta same ni a gida. Damina ta zo ta wuce ina can, don na samu aiki a gidan ruwa, inda manyan injuna ke ɗaga ruwan gulbi su tura cikin gari. Baba bai yi mini baki ba. Saƙo kawai ya bayar a gaya mini cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ya ɗauki Sani ya zaunar a mazaunina kusa da uwar maƙera. Daga nan in na zo gida na durƙusa na gaishe shi, ko bangon ma ya daina yi wa magana a kaina.

A gidan ruwa na haɗu da Malam Audu, wani Banufe gajere mai yawan tsaki, shi ke kula da injunan. Ranar da na fara shiga ɗakin nan na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin tafin ƙafata, na ce a raina wannan ai maƙera ce mai zuga kanta. Kowane inji da wani ɗan agogo a wuyansa, daidai inda hayaƙi ke fita, allurarsa ba lokaci take nunawa ba, zafi take nunawa. Ni da na tashi ina auna wuta da launin ƙarfe da yadda take lasar kumatu, abin dariya ya ba ni. Malam Audu ya ja tsaki.

"Kai ɗan maƙera, wutarku a fili take, kuna kallonta. Wutar inji a rufe take. Ranar da ka ga bututun nan ya yi ja da idonka, ba gargaɗi ya zo yi maka ba, ta'aziyya ya zo yi."

Shi ya koya mini cewa abu uku ke hura wutar inji ta wuce ƙima: mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan, ko a ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Ruwan da ke sanyaya shi ba ya ba da labari sai aikin gama ya gama. Hayaƙi ne ke fara sani, shi ya sa ake sa masa agogo. In aka bar zafin ya zauna a sama, kan fistin ya narke kamar dalma, bakin bawul ya ƙone, inji ya kwanta ba tashi. Na daɗe kafin abin ya zauna mini, don a gidanmu wuta in ta yi ƙarfi murna ake yi.

Ana nan sai Alhaji Bawa, wani attajirin albasa a Bodinga, ya sayo injin niƙa wanda an taɓa aiki da shi, mai shan man gas, irinsa na farko a wannan yanki. Ya neme ni in riƙe masa. A lokacin na riga na auri uwarku, ita ma ta gaji da zaman haya a birni, sai na amsa. Sharaɗi ɗaya na kafa, sai an sa masa agogon zafi. Alhaji ya yi dariya ya ce in ina so in sa masa rawani ma ba ruwansa, amana dai ya ba ni. Na koma wurin Malam Audu, ya buɗe akwatinsa ya fito da guda biyu. Ɗaya na gilashi, dogo, da zaiba a ciki tana walƙiya, shi raina ya kwanta wa. Ɗayan baƙi ne, mummuna, da allura da wani dogon tsinken ƙarfe a bayansa.

"Ajiye mai kyan nan," in ji shi. "Injin niƙa rawa yake yi kamar mai bori, kafin sati ya tarwatse. Kuma ƙidayarsa ƙarewa take yi tun zafin bai kai ko'ina ba. Ɗauki mummunan."

Ya nuna mini inda zan huda, kusa da kan inji, ba can ƙarshen bututu ba inda hayaƙi ya riga ya huce zai yi maka daɗin baki. Ya ce tsinken ya shiga har tsakiyar bututu, kada ya jingina da gefe. Da ya ga ina zare ido a kan lambobin boko, sai ya tsoma tsinken tsintsiya a jan fenti ya ja layi a fuskar agogon. Ya ce muddin allura tana ƙasa da nan, in ci tuwona da miya. In ta taɓa layin, in rage wa inji kaya. In ta zauna a kai, in kashe, ko da uwar sarki ce ta kawo niƙa.

Watannin farkon nan a Bodinga, yanzu in na tuna su sai in ga kamar a mafarki na yi su. Rumfar kwano ce a gefen kasuwa, rana tana shigowa ta hujojin rufi, gari yana yawo cikin hasken a hankali ba ya sauka. Mata da 'yan mata suna shigowa baƙaƙe su fita farare har gashin ido, suna yi wa juna dariya. Ƙamshin gero mai ɗumi ya gauraya da na man gas, har yau in na ji su tare sai in tuna rumfar nan. Tsofaffi suna tsayawa daga nesa suna tofa addu'a, wasu sun rantse garin inji ba ya ƙosarwa, da yamma kuma ka ga jikokinsu da ƙwarya. Allura tana kwance abinta ƙasa da layi, inji yana tari bup, bup, bup, ina jin na zama mutum.

Bayan kaka aka kawo Baba Sifawa. Yanar ido ce ta dusashe masa gani, aka ce akwai wani mai magani a can, sai ya sauka gidan ƙanwata Kulu da ke aure a garin, da niyyar kwana biyu. Ran kasuwar Bodinga ina cikin aiki na ɗaga kai na gan shi a ƙofar rumfa bisa jakinsa, mijin Kulu yana riƙe da igiya. Na saki abin da ke hannuna na fita na durƙusa. Ya karkata kai yana sauraro, ya daɗe, sannan ya sunkuya ya yi wa jakin magana a kunne yadda kowa zai ji.

"Wanga shi na abin da anka bar maƙera dominai? Tari shikai awa tsohuwar akuya. Ba shi da murya."

Ya sa aka kai shi bayan rumfa inda bututun hayaƙi ya fito. Ya jira na kashe inji ya huce, ya shafa bakin bututun da yatsu, ya auna shi da ɗan zare, ya ƙulla, ya sa a aljihu. Ya juya jakinsa ya tafi, ni kuma na wuni ina ganin ya zo ne kawai ya kunyata ni a gaban mata.

Ashe a Sifawa maƙerar wani abokinsa ya ara. Kulu ta ce kwana da kwanaki yana fita tun da safe. Ya samo guntun bututu mai kauri wurin masu gyaran hanya, yana sa shi a wuta, yana kusanto da shi kumatunsa ya ji zafin tunda ido ba ya gani sosai, yana bugu, yana shafawa in ya huce. Ya matse masa wuya kamar bakin zugazugi, ya buɗe masa baki, ya lanƙwasa masa wani ɗan harshe a ciki. Ran kasuwa ta gaba ya zo da shi a naɗe cikin buhu. Ya sa aka hura gawayi a bayan rumfa, ya gasa gindinsa har ya yi ja, ya kama da awartaki ya zura a kan bututuna, ya ce a zuba ruwa. Ƙarfen ya yi ƙara ya kama gam, irin kamun da ba a kwancewa.

"A tashe shi mu ji," ya ce wa jaki.

Na murɗa hannun tayarwa, inji ya kama. 'Ya'yana, ban san yadda zan kwatanta muku wannan sauti ba. Tarin nan ya tafi. Wata murya ce ta fito, siririya, mai zaƙi, kowane bugu da ɗan jan wutsiya a ƙarshensa, ta haye rumfunan kasuwa ta bi ta kan gonakin albasa ta tafi. Kasuwa ta yi tsit. Wani mahauci ya tsaya da wuƙa a sama. Can wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, aka fashe da sowa, daga ranar aka sa wa injin suna Mai Algaita. Na dubi Baba na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ni da ban taɓa samun ko goro daga hannunsa ba, sai na zagaya bayan gangar ruwan inji na yi kamar gari ne ya shigar mini ido.

Maganin ido bai yi ba, abin da ya rage na gani ma ya tafi. Kowa ya zaci Baba zai koma Horo Birni, amma ya yi zamansa. Ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. Dattijo mai gidan kansa ya zauna gidan suruki, ya ci tuwon mijin 'yarsa wata da watanni, abin kunya ne da ake yi wa waƙa. Sani ya aiko ya sake aikowa, Baba ya ce jiki bai yi ƙwari ba tukuna. Kulu ce ta tona shi, ranar da ta kawo mini dawa.

"Yaya, ka san mi ka riƙe da tsohon ga? Algaitakka. Da hantsi shika sa a shimhiɗa mai buzu ga gindin tsamiya, shi huskanci Bodinga. Da ta tashi sai shi ce, to, an tashi lahiya. Shina gane in gero kaka niƙa, shina gane in dawa ta. Shekaranjiya ka makara, bai ci komi ba sai da yaj jiya ta."

Daga ranar hannuna ya canza a kan injin. In na murɗa shi da safe ba niƙa nake tayarwa ba, gaisuwa nake aikawa. Wani lokaci in tsaya a bayan rumfa in bi muryar da kunne, in ga kamar ina ganinta tana tafiya a kan ƙaiƙayi da karan dawa, ta tsallake fadama, ta ishe wani tsoho a gindin tsamiya ya karkata kai. Abin da bakinsa ya kasa faɗa mini tun ina yaro, da abin da nawa ya kasa faɗa masa, ƙarfen nan yana kai mana kullum ba tare da kowa ya ji kunya ba. A duk rayuwata ban ƙara samun kwanciyar rai irin ta wannan lokaci ba.

Amma tun ranar farko na ga allura ta ɗaga. Wuyan algaitar ya matse, hayaƙi ba ya samun hanya sosai, zafi yana taruwa a ciki. Da sanyi-sanyi abin bai kai layi ba, na kau da kai. Da bazara ta shigo, iska kanta ta zama wuta, sai allura ta fara taɓa jan fenti tun kafin rana ta take tsaka. Na rage kaya, ina zuba hatsi kaɗan-kaɗan, mata suna layi har bakin hanya suna mita. Na wanke matatar iska, na rage mai har inji yana neman mutuwa. Duk da haka in na zuba dawa sai ta hau ta zauna daram. Abin haushi, ba wanda ke ganin matsala sai ni. Inji yana waƙa, ruwan ganga bai tafasa fiye da kullum ba, Alhaji kuwa murna yake yi don algaita tana jawo masu niƙa daga ƙauyukan da ba su san da mu ba. Uwarku ta ce in cire ta da rana in mayar da safe, na ce ai ba hula ba ce, kamun wuta ne. Na yi tunanin a buɗe wuyan kaɗan, amma ni ma ɗan maƙera ne, na san daga matsin muryar take fitowa.

Sai na fara addu'ar Allah ya sa agogon ne ke ƙarya. Na kwance shi na hau motar albasa na kai wa Malam Audu, ina fatan ya ce ya lalace. Ya ɗaura shi kusa da na babban inji, allurai biyun suka tashi tare suka tsaya tare. Na ba shi labari duka, har na tsamiya. Wannan karon bai yi tsaki ba.

"Buɗe kan injin ka duba bakin bawul," ya ce. "In ka ga ya yi fari yana zaizayewa, ba zai ga damina ba. Kuma kayan gyaransa babu su a ƙasar nan, sai an aika bakin teku."

Na dawo na buɗe, na ga abin da ya faɗa. Na zauna a kan buhu, gaba kura baya sayaki. Da injin nawa ne, wallahi da na bar shi ya yi ta waƙa har ya ƙone, in koma ɗaukar kaya a kasuwa. Amma na mutum ne, ya damƙa mini ya juya baya. Kuma ko na bar shi, muryar mutuwa za ta yi tare da shi, in rasa duka biyun. Uwarku ta ce in yanke kawai, in aka tambaya in ce faɗuwa ta yi. Na ce a'a. Tsohon da ya ƙera abu da kumatunsa ya cancanci a je a gaya masa baki da baki.

Ran Juma'a bayan an sauko na tafi Sifawa. Na same shi a gindin tsamiya, ya rame, idanun farare fat, yana murza wani ɗan ƙarfe a hannu don sabo. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce wa tsamiya, yau da wuri anka kashe. Na tattara ƙarfin hali na yi masa bayani tiryan-tiryan.

"Wuyan ya matse, wuta ta ƙaru?" ya tambaya.

"Ta ƙaru, Baba."

"To ai aiki ya yi kyau ke nan. Mi aka so ga wuta in ba ta ƙaru ba?"

Na ce shi inji ba haka yake ba, wutar da ta yi yawa cikinsa take ci.

"Ƙarhe na gudun wuta? Wa ag gaya maka ta yi yawa? Ka gani, ko ka taɓa?"

"Agogo na ya nuna, Baba."

Ina jin tsuntsaye a kan tsamiya, ina jin Kulu a bayan zana ta daina daka. Can ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ɗan maƙera na tambayar agogo labarin wuta. Duniya ta zo ƙarshe." Ya juya ƙarfen hannunsa. "Injin ga, na wa na?"

"Na Alhaji na. Amana ta."

Sannan ya ce, kayan mutane, to a cire. Na yunƙura zan yi godiya sai ya ƙara wata magana, a hankali, ba tsamiya ya fuskanta ba, wajen da numfashina yake ya juyo.

"Sai dai ban san yadda za a yi in san an tashi lahiya ba."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi a kaina, kuma ta tsaya mini a ƙirji har yau. Na ce zan riƙa zuwa kullum da ƙafata in gaishe shi. Ya girgiza kai ya ce wa ka son ganin wani, idon ma babu. Na gane abin da yake nufi. Ɗan fari ya riƙa sintiri wurin uba kullum, a gidan suruki kuma, ai kunyar ta fi ƙarfinsa. Algaita ce kaɗai ta ba shi damar ya damu da ni ba tare da an gan shi yana yi ba.

Washegari na sa zarto na yanke bututun ta ƙasa, don algaitar ta fita lafiya lau ba ko ƙwarzane. Na tayar da inji, tarin akuya ya dawo, allura ta sauka ta kwanta ƙasa da layi kamar ba ita ba. Na tsani allurar nan ranar, na tsane ta don ta yi gaskiya. Mata suka yi ta tambaya ina Mai Algaita, Alhaji ya zo da faɗa, na nuna masa bawul ya haƙura. Na naɗe algaitar a sabon ƙyalle na kai Sifawa da kaina na sa a hannun Baba. Ya shafa ta, ya ajiye a gefen buzu. Ita ce ake ce muku na jefa a kududdufi. Ta tafi Horo Birni cikin kayansa, kuma bayan rasuwarsa Sani ne ya buge ta ya yi lauje biyu, don a gidanmu ƙarfe ba ya zaman banza. Masu ba ku labarin nan, da ita aka yanko wa tumakinsu ciyawa. Ku gaya musu ni na faɗa.

Injin nan ya rayu har bayan tafiyar Turawa, ya ci gaba da rayuwa har ya zama nawa. Da shi aka ciyar da ku, aka yi muku sutura, aka kai ku makaranta. Ban yi nadama ba, kuma in an mayar da ni waccan bazarar haka zan sake yi. Amma kada wani ya ce muku abin bai ci mini komai ba.

Ba a yi sati ba Baba ya aika Sani ya zo ya ɗauke shi. Hanyarsu ba ta biyo ta kasuwa ba, amma ya ce a ratso. Ina cikin niƙa na gan su a ƙofar rumfa. Na fito fari fat da gari na durƙusa a gaban jaki. Bai sauka ba. Ya saurari tarin injin na ɗan lokaci, ya miƙa hannu, na gane, na ɗebo masa garin gero mai ɗumi na zuba a tafinsa. Ya murza, ya kai baki, ya gyaɗa kai.

"Mu tahi," ya ce wa Sani.

Wannan ne ganina da shi na ƙarshe, don farkon damina zazzaɓi ya ɗauke shi kafin saƙo ya iso ni. A wurin zaman makoki ne Sani, wanda a lokacin ba ya ko son haɗa ido da ni, ya zauna kusa da ni ya faɗi sauran. Ya ce da suka bar kasuwa Baba ya hana shi kora jaki, ya ce a tafi sannu. Suna tafe yana karkata kai baya, tarin injin yana raguwa, yana raguwa. Ba su yi nisa ba, daidai wani gawo da ke bayan rijiyar ƙarshe, sautin ya kusa ɓacewa. Nan ya ce a tsaya. Sani ya ce rana tana yi, hanya da nisa, ya ce a tsaya dai. Ya zauna bisa jaki cikin zafin nan na bazara, ba ruwa ba inuwar kirki, kunnensa yana wajen Bodinga, tun hantsi har rana ta take tsaka ta karkata.

Ni kuwa da aka kira azahar na kashe inji kamar kullum, na kakkaɓe jikina na tafi alwala. Ban san yana nan ba.